Katin Hoto Mai Tsada Ba Shi Ne Saurin Wasa Ba

Duk wanda ya zauna cikin masu buga Counter-Strike 2 ko Valorant ya san kalmar da ba ta barin bakinsu: FPS, wato yawan hotunan da kwamfuta ke zanawa a cikin sakan ɗaya. Maganganu da yawa na yawo a kanta, kuma abin da ke damuna shi ne yadda matashi zai shafe watanni yana tara kuɗi, sannan jita-jita ta sa ya zuba su inda ba za su amfane shi ba.

Tsohuwar magana ita ce wai idon ɗan Adam ba ya ganin abin da ya wuce hoto 60 a sakan, har ana kafa hujja da fim, wanda ake haskawa da hoto 24. Wannan ƙarya ce. Mai kallon fim ba ya riƙe da maus. A allo mai 60Hz, sabon hoto na fitowa duk bayan milisakan 16.7, a mai 144Hz bayan 6.9, a mai 240Hz bayan 4.2. Idan abokin gaba ya leƙo daga bayan bango, wanda allonsa ya fi sauri shi zai riga ganinsa. Sai dai ribar tana raguwa. Daga 60 zuwa 144 an samu kusan milisakan 10, amma daga 240 zuwa 360 ko ɗaya da rabi bai cika ba.

Maganar da ta fi cin kuɗin mutane ita ce cewa katin hoto mafi tsada shi ke kawo FPS mafi yawa. A wasannin da ake bugawa don jin daɗin kyan hoto, haka ne. A wasan gasa kuwa lissafin daban yake. Ƙwararru rage kyan hoto suke yi da gangan, har da yawa daga cikin 'yan Counter-Strike kan mayar da allonsu 1280x960. Da zarar an yi haka, aikin katin ya yi sauƙi, sai ya koma yana jiran furosesa, wadda ita ke lissafa motsin 'yan wasa da harsasai, ta shirya kowane hoto kafin ta miƙa masa. In ba ta iya shirya fiye da 200 a sakan, ko wane irin kati aka saka a nan za a tsaya. Shi ya sa furosesocin AMD masu lambar X3D suka yi suna, tun daga Ryzen 7 5800X3D da ta fito a 2022, zuwa 7800X3D a 2023. Sirrinsu shi ne ma'ajiyar kusa mai girman 96MB, wadda ke rage yawan zuwa ɗauko bayani daga RAM. A ganina, wanda wasan harbi ne burinsa ya fara da furosesa, sannan ya nemi kati matsakaici.

A kasuwa kuma ana cewa furosesa i7 ta fi i3 ko yaya. Sai an duba shekara. Core i3-12100 ta 2022 ta fi i7-3770 ta 2012 sauri nesa ba kusa ba. Haka zancen yawan GB a jikin kati yake: RTX 3060 Ti mai 8GB ya fi RTX 3060 mai 12GB ƙarfi.

Zancen cewa RAM guda biyu masu 8GB sun fi guda ɗaya mai 16GB gaskiya ne, domin hanya biyu bayani ke bi a maimakon ɗaya. SSD kuwa saurin buɗe wasa yake ƙarawa, ba FPS ba.

Akwai masu cewa FPS 300 a kan allo mai 60Hz asara ce tsagwaronta. Rabin gaskiya ce. Jinkirin maus yana ɗan raguwa, amma hoto 60 kawai allon zai nuna. Wani ma ya sayi allo mai 144Hz amma yana tafiya a 60, don bai canza shi a saitin Windows ba, ko kuma ya soka wayar allon a jikin madabod maimakon jikin katin.

Fasahar ƙirƙiro ƙarin hotuna da Nvidia ta kawo da DLSS 3 a 2022 tana ɗaga lambar FPS, amma hotunan da take cusawa ba sa ɗauke da sabon motsin hannunka, kuma tana ƙara jinkiri. A kashe ta a wasan gasa. Haka nan babu katin da ke gyara ping, wato jinkirin saƙo tsakaninka da sabar wasan, domin wannan lamarin intanet ne da nisan sabar wasan.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne zafi. Furosesa na rage gudunta da kanta idan ta ɗau zafi sosai, kuma laftof na rage ƙarfi da zarar an cire ta daga wuta. A lokacin bazara, ko bayan ƙurar hunturu ta toshe fanka, FPS na iya faɗuwa ba tare da komai ya lalace ba. Kafin a je kasuwa, a buɗe kwamfutar a kakkaɓe ta, a duba zafinta ana cikin wasa.