Fentin Alli: Abin Da Ya Kamata Mai Koyon Sana'a Ya Sani Kafin Ya Ɗauki Buroshi

A garuruwa irin su Dambam da Azare a Jihar Bauchi, sabunta tsofaffin kayan ɗaki na daga cikin ayyukan da kafintoci ke dogaro da su, musamman yanzu da tsadar katako ta sa magidanta da dama sun gwammace gyara gado ko kabad a kan sayen sabo.

Matashi ko matashiyar da ta shiga irin wannan shago don koyon aiki, kan ci karo da wani nau'in fenti da ke yawo a bidiyoyin koyar da sana'a na intanet, wanda ake kira fentin alli. Ana yaba masa da sauƙin aiki, amma yana da ƙa'idojin da rashin kiyaye su kan jawo asarar kuɗi, wani lokaci ma har da illa ga lafiya.

Fentin alli fenti ne mai ruwa da aka cakuɗa da garin ma'adini mai laushi, galibi na dutsen farar ƙasa. Idan ya bushe ba ya sheƙi, sai dai ya bar fuskar katako da taushi kamar an shafa mata alli. Ya bambanta da baƙin fentin da ake yi wa allon aji, duk da kamancin sunan.

Wata mai zane 'yar Birtaniya, Annie Sloan, ce ta fito da shi a 1990, ta kuma yi masa rajista da sunan Chalk Paint. Daga baya kamfanoni da dama suka fitar da nasu samfurin.

Sai dai tushen dabarar ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan siminti, mata na jiƙa farar ƙasa su shafe ɗakunansu, musamman idan salla ko biki ya ƙarato. Magina kuwa na amfani da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da katsi daga marina, domin ƙarfafa shafe ya jure ruwan sama. Ana iya ganin irin wannan gwaninta a tsofaffin gidajen birnin Zariya da Gidan Makama na Kano.

Darasin da magabata suka bari shi ne, farar ƙasa ita kaɗai ba ta daɗewa sai an haɗa ta da abin da zai riƙe ta. Haka lamarin yake ga fentin alli.

Da yake na kamfani yana da tsada, kuma samunsa a ƙananan garuruwa ba abu ne mai sauƙi ba, masu sana'a kan haɗa nasu. Hanyar da aka fi sani ita ce a auna kashi uku na fentin bango mai ruwa, da kashi ɗaya na garin POP, wanda ake yin silin da shi.

Ana fara dama garin da ruwa kaɗan har ya yi sumul kamar koko, sannan a zuba shi cikin fentin. Wanda ya zuba busasshen gari kai tsaye zai tarar da gudaji a jikin aikinsa. Ba a haɗa shi da fentin mai, kuma ba a dama mai yawa, domin POP na saurin daskarewa. Ragowarsa ma ba a zuba ta a magudanar ruwa, don tana toshe bututu.

Ana yawan cewa wannan fenti ba ya buƙatar goge katako da samfefa. Maganar tana da gaskiya a kan busasshen katako mai tsabta. Amma dole a wanke maiƙo da datti da ruwan sabulu, a bari ya bushe sarai. Kayan da aka lulluɓe da fomeka ko suke da sheƙi sosai kuwa, sai an ɗan karce fuskarsu kafin fentin ya kama.

Jan katako kamar maɗaci yana da tasa matsalar: launinsa kan ɓullo ta cikin farin fenti ya bar tabo. Maganin haka shi ne a fara shafa masa abin da zai toshe launin, ko a zaɓi fenti mai duhu.

Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne lafta fenti da kauri don a gama da wuri. Shafa biyu marasa kauri, tare da jiran na farko ya bushe, sun fi ɗaya mai kauri wanda zai tsattsage. A lokacin hunturu fentin na bushewa a bakin buroshi, ƙura kuma na manne masa, don haka aiki a cikin ɗaki ko inuwa ya fi. Da damina kuwa sai an ƙara haƙuri.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa. Fentin alli yana shan ruwa da maiƙo, don haka sai an shafe shi da kaki, kamar kakin zuma da aka tausasa, ko da banish mai ruwa. Idan ba haka ba, kofin shayi ɗaya ya isa ya ɓata teburin da aka wuni ana yi wa ado. Kaki bai dace da kayan da za su zauna a rana ba, domin zafi na narkar da shi.

Akwai kuma batun lafiya. Tsofaffin fentukan mai, musamman masu launin rawaya da ja, kan ƙunshi dalma, kuma goge su a bushe na tayar da ƙura mai guba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jiki da ba shi da illa, kuma ƙananan yara ne ta fi lahanta wa ƙwaƙwalwa. 'Yan Najeriya ba su manta da abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga haƙar zinare ta yi sanadin mutuwar ɗaruruwan yara.

Saboda haka, wanda zai goge tsohon fenti ya jiƙa wurin tukuna, ya sa takunkumin fuska, ya nisanta yara da masu juna biyu, sannan ya wanke hannu ya sauya tufafi kafin ya shiga gida.

Ga mai koyo, hikima ita ce ya fara da ƙaramin abu, kamar kujerar tsuguno ko akwatin katako, ya gwada haɗinsa a ɓoyayyen gefe, ya kwana ya ga yadda ya bushe. Sai hannunsa ya faɗa sannan ya karɓi gadon amarya, domin a ƙaramin gari, aiki ɗaya da ya ɓaci kan riga mai shi isa kasuwa.