Gajiyar Mai Ciwon Daji Ba Ragwanci Ba Ce

A ƙasar Hausa in aka ce wa mutum "Ina gajiya?" amsar ita ce "Ba gajiya." Haka muka tashi muka tarar, kuma gaisuwa ce mai kyau. Amma akwai wurin da wannan amsa take cutar da mai ita, wato a gaban likitan da ke yi wa mutum maganin ciwon daji.

Mu ɗauki misalin uwa daga Kutawa ta ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, ko daga wani ƙauyen Kurfi, wadda aka tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, domin ƙarin ruwan maganin daji da ake kira kemo. In ta dawo gida sai a ga ta kasa daka, ta kasa ɗebo ruwa, ko wanka ma sai an taimaka mata. Ta kwana tana barci, gari ya waye jikin yana nan a mace. Wasu a gida su ce son jiki ne, wasu su ce ta fid da rai. Ita kuwa saboda kunya da kawaici, in ta koma asibiti sai ta ce lafiya lau.

Jama'a, wannan gajiya daban take da ta wanda ya wuni a gona. Ta manomi barci yana warkar da ita, wannan kuwa hutu ba ya kore ta. Yawancin masu shan kemo ko gashi suna fama da ita, wani lokaci har watanni bayan an gama magani. Ciwon da kansa yana kawo ta, maganin ma haka. Sai kuma ƙarancin jini, da zafin ciwo, da rashin barci, da rashin cin abinci, da damuwa. Da yawa cikin waɗannan suna da magani, in dai likita ya sani.

To, yaya ake auna abin da ba a gani? Tambaya ake yi. A 1999 masana a asibitin M. D. Anderson da ke Amurka suka fitar da wata gajeriyar takarda mai tambayoyi 9. Ana tambayar majiyyaci ƙarfin gajiyarsa daga 0 zuwa 10, sa'an nan a tambayi yadda ta hana shi tafiya, aiki, hulɗa da mutane da jin daɗin rayuwa. A ƙa'idar da likitoci da yawa suke bi, 1 zuwa 3 mai sauƙi ce, 4 zuwa 6 matsakaiciya, 7 zuwa 10 mai tsanani. Daga 4 zuwa sama ya kamata a bincika dalili, alal misali a gwada jini.

Wannan ba sai mai boko ba. A ajiye tsakuwa goma, kowace yamma majiyyaci ya ware adadin da ya yi daidai da gajiyarsa, ɗan makaranta ya rubuta a littafi tare da kwanan wata. Ranar komawa asibiti a tafi da littafin. Amma in zazzaɓi ya kai 38, ko numfashi ya yi wuya, ko jiri ya yi yawa, kada a jira ranar. A garzaya asibiti, kada a tsaya sayen maganin maleriya a kemis.

Mu da muke zuwa gaishe da marasa lafiya, musamman 'yan Zumuntar Mata, akwai namu aikin. Mu gajarta zama. Mu ɗauke mata girki da wanki. In likita ya yarda, mu raka ta ɗan tattaki da sanyin yamma, gama an tabbatar motsa jiki kaɗan-kaɗan yana rage wannan gajiya fiye da kwanciya dukan yini. In kuma mun gama gaisuwa, mu matso kusa mu ce, "Mama, yau tsakuwa nawa?"