Wuƙar Kanti Ko Ta Maƙera: Wacce Falke Zai Riƙe?



Duk shekara idan watan Zulƙida ya kama, sai ka ji gardamar nan ta taso a kara, ko a Sinnar ko a Sinja ko a nan Mai Wurno. Wani ya zaro wuƙar kamfani mai farin ƙarfe tana walƙiya, wani ya zaro baƙar wuƙar da maƙeri ya buga masa, kowa yana kambama tasa. Wasu kuwa su ce wannan ai maganar mahauta ce, mu saye da sayarwa muka sani. To, a nan ne ba mu yarda ba. Mahauci yana yanka a kwata, saniya a ɗaure, yara na riƙe, ga wuƙaƙe uku ko huɗu a gabansa. Falke fa? Shi yankansa na dole ne, kuma ba shi ke zaɓen lokaci ba.

Ku duba. An yi lodin shanu daga Damazin ko Abu Hujar za a nufi Gadarif, daga can a wuce Bur Sudan. Cikin dare bijimi ya durƙusa a lori, 'yan'uwansa suka tattake shi. Kafin direba ya tsaya, a haska tocila, numfashi ya fara sarƙewa. Abin da ke tsakanin halal da mushe a wannan lokaci 'yan mintoci ne. Idan an samu an yanka, mahaucin ƙauyen da ke gaba zai saya, ko da an karya kuɗin, a samu na rage asara. Idan wuƙa ta ƙi, sai a ja a bar wa kuraye. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 harkar Muwailih, babbar karar Umdurman, ta wargaje, aka koma bin hanyoyin zagaye, dabba ta riƙa kwana da kwanaki a mota. Wad Madani ta fita hannun gwamnati a Disambar 2023 sai a Janairun 2025 aka karɓo ta, Sinja ma daga Yuni zuwa Nuwamban 2024. Wanda ya yi fatauci a waɗannan watanni ya san yawan dabbobin da aka yanka a bakin hanya.

Mu fara da abin da muka karanta a gaban malamai. A mazhabarmu ta Malikiyya, yanka shi ne a tsinke maƙogwaro da jijiyoyin jini biyu na gefen wuya, ta gaba, kuma a bar zakaran wuya ya bi kai. Risalar Ibn Abi Zaid ta tsananta a kan wanda ya ɗauke hannu kafin ya gama sannan ya komo. Malaman baya sun yi sauƙi idan nan take ya mayar da wuƙar, amma wane ne yake son ya tsaya neman fatawa da tsakar dare a kan bijimin da ya zuba wa jarinsa? Ga kuma hadisin Shaddadu ɗan Ausu, na 17 a cikin Arba'una ta Nawawi, wanda yaran Islamiyya ma sun haddace, inda aka umarce mu da wasa wuƙa da hutar da abin yanka. Ashe ke nan kaifi ba ado ba ne.

Sai tsawo. Wuƙar da ta ishi rago ba ta ishi sa ba. Likitocin dabbobi na cewa ruwan wuƙa ya kai ninki biyu na faɗin wuyan dabbar, don kada bakinta ya nutse cikin yankan ana ja. Shanunmu na Kenana suna da leɓe mai yawa a wuya, fatar tana naɗewa tana bin wuƙa, balle jajayen shanun Bararo masu ƙaho da ke saukowa ta kudancin Damazin. Ga babban sa, mu dai ba mu natsuwa da abin da bai kai taƙi biyu ba, ban da ƙota. Wannan shi ne matsala ta farko ga wuƙar kanti: mafi yawan abin da ake kawowa kasuwanninmu na ɗakin girki ne, gajeru ne.

Duk da haka kada mu zalunci kamfani. Wuƙar kamfani ta gaskiya abu ce mai kyau. Tramontina ta ƙasar Barazil tun 1911 suke sana'ar ƙarfe, Victorinox ta Suwizalan tun 1884. Injin da ya ƙona ta farko shi ya ƙona ta dubu, da zafi ɗaya, saboda haka abin da ka saya bara shi za ka samu bana. Ƙarfenta an gauraya shi da sinadarin kuromiyam, sama da kashi 10 cikin 100, shi ya sa ba ta tsatsa ko da ta kwana da jini. Ƙotar roba ba ta shan jini, ba ta wari, ana iya tsoma ta a tafasasshen ruwa. Don haka kwatocin da ke yanka don fitarwa waje irinta suke so, suna tsoma ta a ruwan da ya kai digiri 82. Wanda ke da kwangilar nama da irin waɗannan wurare ba shi da zaɓi, ya sayi ta kamfani.

Amma ina ta gaskiyar? Nan ɗaya. A kan tabarmar mai koli za ka ga sunan babban kamfani an buga a jikin wuƙa, alhali gwangwani ne aka goge. Ka danna bakinta a kan itace ta lanƙwashe ta zauna a haka. Wata ƙarfen bai shiga ƙota ba sai ɗan yatsa ɗaya, sauran duk roba ce. Irin wannan ita ke rabuwa biyu a wuyan sa, ruwan a can, ƙota a hannunka. Wanda zai sayi ta kanti ya duba ko wutsiyar ƙarfen ta ratsa ƙotar, ya duba rubutun ko a tsaye yake ko yana gogewa da farce, kuma idan kuɗin ya yi araha fiye da hankali ya ajiye ta ya wuce. Wani abu kuma, farin ƙarfe yana da gardama a kan dutse. Dutsen bakin kogi da muka saba da shi yana daɗewa bai ci shi ba, sai an nemi dutsen kanti ko sandar wasa irin ta mahauta.

Yanzu mu zo maƙera, inda maganar take da yawa.

Maƙeranmu, haddadai inji Larabawa, sifirin mota suke nema, wato abin da ake kira yay a nan. Ƙarfe ne da aka yi shi don ya lanƙwasa ya dawo a ƙarƙashin lodi, kuma yana da gawayi a jikinsa daidai yadda zai ɗauki kaifi, wajen kashi 0.6 cikin 100. Da shi maƙeran Kasala ke buga takubba da wuƙaƙen Hadandawa da suka yi suna a duk Sudan. Wuƙar sifiri idan ta samu hannu, kaifinta ya fi cizo, kuma idan ta dakushe kowane dutse mai laushi zai tashe ta cikin minti biyu. Ga falke a daji wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan kai za ka faɗi tsawo, kai za ka faɗi kauri, a auna ƙota da tafin hannunka. Mai bahago ma a yi masa tasa.

Sai dai sirrin duka yana wurin ban ruwa, kuma ido ba ya ganinsa. Bayan an gama ƙira, ana mayar da ruwan wuƙar cikin wuta har ya yi ja, a tsoma shi a mai ko a ruwa don ya taurare. Daga nan ƙarfen ya zama kamar kwalba, sai an sake ɗumama shi a hankali har bakin ya yi launin busasshen kara, sannan taurin ya sassauta. Maƙerin da ya yi gaggawa ya tsallake wannan na biyun, wuƙarsa za ta yi aski a ranar farko, ta ɓare a ƙashin farko. Wanda ya wuce gona da iri har ƙarfen ya yi shuɗi sosai, tasa ba ta riƙe kaifi. Sifiri kuma ya fi son mai, a ruwan sanyi yakan tsage. Akwai wani aibin da ba laifin maƙeri ba ne: sifirin da ya shekara ashirin a ƙarƙashin lori yana iya ɗauke da tsaga siririya a ciki, ba ta fitowa sai an wasa. Akwai kuma wanda laifinsa ne, wato a karɓi kuɗin sifiri a buga maka da rodin gini ko ƙarfen ganga, wanda ko an tsoma shi sau goma ba ya taurara.

To yaya za a gane? Mu dai ga yadda muke yi. Muna zuwa da namu sifirin daga wurin masu gyaran mota, mu ajiye a gaban maƙeri mu ce, "Usta, ga ƙarfe, taƙi biyu muke so, baki ɗaya, kada ka yi mata tsini, kuma ba mu cikin sauri." Ranar karɓa mu tafi da magagari. Idan ka goga shi a bakin wuƙar ya zame yana ƙara, ta sha ruwa. Idan ya kama yana cin ta kamar sabulu, ba ta sha ba. Ka rataye ta da zare ka ƙwanƙwasa, mai lafiya tana amsawa da doguwar murya, mai tsaga muryarta a shaƙe take. Ka sara busasshen ƙaho sau biyu uku ka duba bakin a rana. Daga ƙarshe ka bi da farce a hankali daga gindi zuwa ƙarshe, duk inda farce ya tsaya akwai giɓi, kuma giɓin nan shi ke kama fata ya wahalar da dabba. Maƙerin kirki ba ya jin haushin wannan gwaji, wani ma shi zai miƙo maka ƙahon.

Kuma don Allah kada a kai aiki a goman farko na Zulhajji. A lokacin kowane gida ya kwaso wuƙaƙe da satura, yaran maƙera ne ke bugu, babban yana karɓar kuɗi. Wanda ke son ta kirki ya kai tun Rajab ko Sha'aban.

Masu cewa ta kamfani baƙuwa ce, kakanninmu ba su san ta ba, su yi haƙuri, tarihi bai goyi bayansu ba. Bature ɗan Jamus Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya ƙiyasta ruwan takobi wajen 50,000 ake shigowa da su a shekara, mafi yawa daga garin Solingen na ƙasarsu. Maƙeran Kano su sa ƙota, dukawa su ɗinka kube. Haka aka yi da takubban Sudan masu yawa a wancan ƙarni. Wato mutanen da suka baro Burmi a 1903 tare da Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, har suka kafa garin nan a bakin Bahar, sun san ƙarfen Turai a cikin kuben Hausa. Wannan hanya ta uku har yau tana nan. Mun ga masu sayen addar Martindale ta Ingila, mai hoton kada, su kai wa maƙeri ya rage ta ya fitar da wuƙar yanka, amma sai da ruwa a kusa, don idan dutsen inji ya ƙona bakin, ban ruwan kamfani ya tafi.

Ƙota da kube mutane ke rainawa. Ƙotar ƙaho ko ta itace mai santsi tana da kyau a ido, amma da jini ya taɓa ta sai ta zama kifi a hannu. A yi mata gargada, ko a naɗe ta da fata, a bar ɗan tudu a gaba da zai tare yatsa. Kube kuwa kada ya yi sako-sako, kuma kada a mayar da baƙar wuƙa cikinsa da danshi, fata tana riƙe lema, kwana biyu tsatsa ta ci bakin. A wanke, a shanya, a shafa man riɗi ko kitse.

Wuƙar damtse da samari ke ɗaurawa a hannun hagu ba ta cikin wannan lissafi. Gajera ce, baki biyu, mai tsini, ba don yanka aka yi ta ba. A shingayen bincike kuma ita ke jawo tambaya. Wuƙar yanka mai baki ɗaya, a naɗe a cikin akwatin mota tare da igiya da takardun dabbobi, kowa ya gani ya san kayan aiki ne.

Idan aka tambaye mu, ga falke mai bin hanya ta maƙera muka zaɓa, da sharaɗin maƙerin sananne ne kuma an gwada ta kafin a biya. Wanda ba shi da maƙerin da ya yarda da shi, ko baƙo ne a gari, gara masa ta kamfani ta gaskiya mafi tsawo da ya samu, ta fi baƙar wuƙar da aka tsinta a kan tabarma ba a san wanda ya buga ta ba. A ƙara da ƙarama ta kanti mai lanƙwasasshen baki don fiɗa, saboda tsini ke huda fata, kuma masu sayen ƙiraga suna rage kuɗi a kan kowace huda. Babbar kuwa kada a ba yaron mota ya sare igiya ko ya fasa gwangwanin sardin da ita, a saya masa tasa. Kafin a ɗaga lodi a fito da ita a bi da farce, a wasa ta can gefe inda dabbobi ba su gani, a mayar kube, a faɗa wa direba da yaron shanu inda aka ajiye ta.