Hutu A Tsaunin Obudu: Masauki, Abinci Da Guzurin Da Ya Kamata A Tanada

Ɗan kasuwan da ya shekara yana kai da komo tsakanin kanti da banki da tashar mota, idan ya ƙudura niyyar ɗaukar iyalinsa su je su huta inda ba zafi ba hayaniya, wurin da aka fi ambata masa a ƙasar nan shi ne tsaunin Obudu da ke ƙaramar hukumar Obanliku ta Jihar Kuros Riba, daf da iyakar Nijeriya da Kamaru. Sai dai hutun kan dutse ya sha bamban da sauka a otal na cikin birni, domin abin da mutum ya manta a gida da wuya ya same shi a can sama, in ma ya samu to da tsada.

Tun asali wurin kiwo ne. Wasu Turawa 'yan Sikotlan ne suka kafa shi a shekarar 1951, ganin cewa tsando, wato ƙudan da ke sa wa shanu sammore, ba ya jure sanyin wurin da tsayinsa ya kai kimanin mita 1,576 daga doron teku. Wannan tsayin shi ne tushen duk wani shiri da baƙo zai yi, saboda duk hawan mita 1,000 zafi yakan ragu da kimanin digiri 6. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, sanyin dare yakan yi ƙasa da digiri 10, ga ruwan sama wanda ya ninka na Kano sau da dama, ga kuma hazo mai rufe hanya da rana tsaka.

Game da masauki, an gina ɗakuna iri-iri a kan tsaunin, daga na mutum ɗaya ko biyu, da zagayayyun bukkoki, har zuwa gidaje masu falo da za su ɗauki iyali, kazalika akwai zauren taro. Abin da ya wajaba shi ne a kama ɗaki tun kafin a bar gida, musamman a watan Disamba, lokacin da hutun Kirsimeti da bikin shekara-shekara na birnin Kalaba ke kawo cunkoson baƙi. Kada a tsaya a kan kuɗin ɗaki kaɗai. A tambaya ko akwai ruwan zafi, ko wutar lantarki na kaiwa asuba, bargo nawa ake bayarwa, kuma ko karin kumallo na cikin lissafi, sa'an nan a nemi rasit a rubuce. Mai son sauƙin kuɗi yana iya sauka a garin Obudu, amma ya sani tsakanin garin da kan tsaunin kimanin kilomita 60 ne, don haka abin da ya rage a ɗaki yana iya tafiya a man fetur.

Ta fuskar abinci kuwa, arewacin Kuros Riba ƙasar doya ce, sakwara da miyar agushi ko ta ganye su ne cimar yau da kullum, ga ayaba da zuma wadda yankin ya yi suna a kanta. Mafi yawan mazauna wurin Kirista ne, kuma naman daji na cikin abin da ake dafawa, saboda haka Musulmi ya yi tambaya kan yankan naman da za a ba shi, ko kuwa ya tsaya ga kifi da ƙwai. Kilishi da dambun nama da garin kunu da dabino da ganyen shayi guzuri ne mai amfani, amma a rufe su a gwangwani ko roba mai murfi, domin damshin wurin yakan sa busasshen abinci ya yi fumfuna cikin 'yan kwanaki.

Kayan sawa kuma ba a yawansu abin yake ba. Rigar sanyi mai kauri, da hula da safa, da laima, da takalmi sau-ciki wanda ba ya santsi a jiƙaƙƙen ciyawa, sun fi akwati cike da manyan riguna. A haɗa da tocila, da fulas na ruwan zafi don shayi da alwalar asuba, da na'urar nuna alƙibla saboda ranar da hazo ya ɓoye rana. Mai asma ko hawan jini ya riƙe maganin da zai ishe shi har ya komo, a kuma riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado.

Mai tasowa daga Arewa yakan bi ta Lafiya da Makurɗi da Gboko. Ya cika tankinsa a garin Obudu, ya kuma duba birki da tayoyi, domin hawan ƙarshe na kilomita 11 yana da kwana masu tsanani sama da 20. A hau da rana, a sauko da ƙaramin giya don kada birki ya ɗauki zafi ya ƙi kamawa. A shekarar 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, an kafa akwatunan ɗaukar mutane masu tafiya a kan igiyar ƙarfe daga gindin dutsen zuwa sama, amma sun sha tsayawa aiki, don haka a bincika kafin a dogara da su.

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Wanda ya kammala waɗannan shirye-shirye tun yana gida, shi ne zai komo kantinsa da hutawa a jiki, ba da mura da ramin aljihu ba.