TAKALMI DA KAKIN MASINJAN GIDAN WAYA

Yau maganarmu a kan takalmi da tufafin aiki ne, waɗanda a ke ba ma'aikatan gidan waya. Watakila wani ya ce, ina ruwan manomi da takalmin masinja? To, da ruwansa. Da yawa daga cikinku kuna da ɗa ko ƙane mai aikin kai saƙo, ko gadi, ko wani aikin da a ke ba da kaki. Ban da wannan kuma, ƙafar masinja da ta manomi duk halitta ɗaya ce. Abin da ya cuci wannan, shi zai cuci wancan.

Abin da mu ke so ku riƙe shi ne, takalmin aiki kayan tsare lafiya ne, kamar gidan sauro ko murfin rijiya. In yana da kyau ya tsare mutum daga cuta. In ba shi da kyau, shi da kansa ya kan zama cutar.

AIKIN MASINJA AIKIN ƘAFA NE

A shekarar 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tangaraho ta Nijeriya gida biyu, aikin wasiƙu ya koma hannun hukumar NIPOST. Tun daga lokacin abubuwa sun sake. Wayar hannu ta rage rubuta wasiƙa, amma har yanzu sai an sami mutum ya ɗauki ƙunshin kaya da takardun hukuma ya kai ƙofar mai su. Wani a ƙasa ya ke tafiya, wani a keke, wani a babur. Rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, jaka tana rataye a kafaɗarsa. Mai zama a bayan kanta yana sayar da kan sarki, shi ma tsayuwa ya ke yini yi.

Ku dubi ƙafarku. Cikin ƙafa guda akwai ƙashi 26. Ƙafa biyu ke nan 52, watau wajen rubu'in ƙasusuwan jiki duka, waɗanda su ke 206. A fatar ƙafafun nan biyu kuwa akwai kafofin gumi kimanin 250,000. Don haka ƙafar da aka rufe tun safe har la'asar, cikin damshi ta ke yini, sai fa in takalmin yana shan iska.

ABIN DA MUGUN TAKALMI KE JAWOWA

1. Bororo da kanta. Takalmin da ya matse, ko wanda ya yi yawa ƙafa tana yawo a ciki, yana gugar fata. Da fari sai bororo ya tashi. In ya fashe, ƙofa ta buɗu ga ƙwayoyin cuta. In gugar ta daɗe sai kanta ta fito, farce kuma ya kan shige cikin nama.

2. Cin ruwa. Takalmin roba zalla ba ya barin gumi ya fita. Tsakanin yatsu sai ya yi fari, ya tsage, ya yi ƙaiƙayi da wari. Wata irin funfuna ce ke kawo wannan, tana kuwa son wuri mai ɗumi da laima. Tana bin safa da takalmi daga wani zuwa wani, shi ya sa aron takalmi ba shi da kyau.

3. Sarƙewar haƙora. Ƙwayar wannan cuta tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. In ƙasan takalmi ya yi siriri ko ya huje, ƙusa ko ƙaya ko kwalba ta soki mutum, ƙwayar ta kan shiga can cikin rauni. Bayan 'yan kwanaki ko makonni sai muƙamuƙi ya ƙage, wuya da baya su sandare. Cuta ce mai kisa, amma allurar rigakafi tana hana ta.

4. Tsutsar ciki mai shan jini. Ƙwanta yana fita cikin bayan gida. Inda mutane ke zagayawa a fili, sai ya ƙyanƙyashe cikin ƙasa mai laima. 'Ya'yan ba su ganuwa da ido. Su kan huda fatar ƙafa su bi jini zuwa huhu, daga nan su gangara hanji su kama shan jini. Sai ka ga mutum ya ɗashe, yana haki, ba ya iya aiki. Masinjan da takalminsa ya dame shi har ya tuɓe ya rataya a wuya, ya ba tsutsar nan hanya.

5. Santsi da faɗuwa. Ƙasan takalmin da ya suɗe ba ya kama daɓen siminti mai ruwa, ko taɓon damina, ko fedar keke. Targaɗe da karaya daga nan su ke zuwa. Dunduniyar da ta cinye ta gefe ɗaya kuma tana karkatar da tafiya, ta jawo ciwon gwiwa da na ƙugu.

6. Saran maciji. Yawancin sara a ƙafa ne da idon sawu. Mai ratsa gonaki da ciyawa, musamman a wuraren da kububuwa ta yi yawa kamar ƙasar Kaltungo ta jihar Gombe, takalmi mai rufe idon sawu ya kamace shi.

MAGUNGUNAN DA KE CIKIN FATA

Akwai wata cutar da ba kowa ya san ta ba. Majemanmu na gargajiya da bagaruwa su ke jima. Masana'antu kuwa yawanci da gishirin wani ƙarfe su ke yi, wanda a ke kira kuromiyam. In jimar ba ta yi kyau ba, wani ɓangarensa ya kan juye ya zama iri mai cin fata. Jikin waɗansu mutane ba ya shiri da shi. Sai bayan ƙafa ya yi ja, ya yi ƙuraje masu ruwa, daidai inda takalmin ya taɓa. Saboda haka ƙasashen Tarayyar Turai suka sa doka daga shekarar 2015, kada wannan mugun iri ya kai miligiram 3 cikin kilo guda na fatar da za ta taɓa jiki.

Haka kuma a shekarar 2009 suka hana wani maganin funfuna mai suna dimetil fumaret, wanda a kan sa cikin kwalin takalmi da kujeru don kada su yi hunhuna a jirgin ruwa. Ya ƙona fatar mutane da yawa kafin a gane shi.

To, in ka sa sabon takalmi, ka ga ƙuraje sun fito sun bi siffarsa a ƙafa biyu duka, kada ka ce sammu ne ko ka taka wani abu. Tuɓe shi, ka zo da shi ɗakin shan magani mu gani.

YADDA ZA KA GWADA TAKALMI

Ko a sito aka miƙo maka, ko a kasuwa za ka saya, gwajin ɗaya ne.

Gwada shi da yamma, gama ƙafa ta kan ɗan kumbura bayan yinin aiki. Sa safar da za ka riƙa aiki da ita. Gwada ƙafa biyu duka, kana tsaye, domin sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya girma.

Tsakanin yatsanka mafi tsawo da bakin takalmi a sami wajen rabin inci, watau kamar faɗin babban yatsan hannu. Yatsu su iya motsi. Dunduniya kada ta riƙa fita in ka taka.

Lanƙwasa shi da hannu. Ya kamata ya lanƙwasu ta wajen gindin yatsu kaɗai. Wanda ya naɗe ta tsakiya kamar tabarma ba zai tallafi ƙafa ba.

Juya shi ka dubi ƙasansa. A ga zane mai zurfi, da kaurin da ƙaya ba za ta ratsa ba.

Zura hannu ciki ka shafa. In ka ji kan ƙusa, ko ɗinki mai kaifi, ko busasshen gam, mayar da shi.

Kada ka yarda da zancen wai zai buɗe in an sha sawa. Kafin ya buɗe, ƙafarka ce za ta riga shi.

KAKI DA HULA

Tufafin aiki a ƙasar zafi, aikinsu su bar gumi ya bushe, gama bushewar gumi ita ke sanyaya jiki. Yadin auduga yana shan gumi, iska kuma tana ratsa shi. Yadin leda mai kauri kuwa ya kan riƙe zafi, ya jawo ƙurajen zafi da ƙaiƙayin matsematsi. Kuma in wuta ta taɓa shi, ko salansar babur mai zafi, narkewa ya ke yi ya manne a fata.

Sabon yadi a kan zuba masa magani a masaƙa don kada ya yamutse, ga kuma rini. Saboda haka wanke sabon kaki da sabulu kafin ka fara sawa. In rininsa yana zuba a jikinka bayan wanki biyu ko uku, ko ƙuraje suka fito a wuya da hammata, faɗa wa shugabanka.

Kaki ɗaya ba ya isa. Wanda ba shi da na canji, ko dai ya sa mai datti, ko ya sa ɗanye, duka biyun kuwa suna kawo ciwon fata. Hula mai baki tana tsare kai da ido daga rana. Da damina a sami rigar ruwa. Mai hawa babur tilas ya sa hular kwano mai maɗauri, da riga mai ƙyalli wadda fitilar mota za ta haska da dare. Jakar saƙo kuma a yi mata maɗauri mai faɗi, a riƙa sauya mata kafaɗa.

ALHAKIN WA NE?

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi wata yarjejeniya mai lamba 155 a shekarar 1981, Nijeriya kuma ta amince da ita a 1994. A ciki an ɗora wa mai ba da aiki alhakin ba da tufafi da kayan kariya isassu inda a ke bukatarsu, kuma ba a aljihun ma'aikaci kuɗin tsare lafiyar aiki zai fito ba. A shekarar 2010 kuma aka yi dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni ko ya kamu da cuta saboda aikinsa, asusun NSITF ke kula da ita.

Waɗansu ƙasashe sun sa ma'auni. A Amurka, takalmin da aka yarda mai raba wasiƙa ya sa yana ɗauke da ɗan ƙyalle kore mai haruffa SR/USA, alamar an gwada shi ba ya santsi. Hikimar ita ce, a gwada kaya tun ba a raba su ba.

Saboda haka, ku shugabanni da masu ba da kwangila, araha ba ta ado. Takalmin da ya yage cikin wata biyu ya fi mai tsada tsada, in an haɗa da kwanakin da ma'aikaci zai yi kwance. A auna ƙafar kowa kafin a yi oda. A tuna akwai mata cikin ma'aikata, ƙirar ƙafarsu kuwa dabam ce. A ba waɗansu kaɗan su gwada samfuri na 'yan makonni kafin a sayo da yawa. Wanda ya lalace a canja shi, kada a ce sai shekara ta zagayo.

Kai kuma ma'aikaci, in an ba ka wanda bai yi maka ba, kada kunya ko tsoro su hana ka magana. Faɗa tun ran nan, ka sa a rubuta. In ka ji rauni a bakin aiki, kai rahoto nan da nan, ka karɓi takardar asibiti ka adana. Ƙungiyarku ta ma'aikata ma don irin wannan aka kafa ta. Kuma kada ka sayar da takalmin kirki da aka ba ka, ka koma silifa.

ABIN DA ZA KA YI KULLUM

Wanke ƙafa da sabulu kowane dare, ka tsane tsakanin yatsu sarai. Bayan alwala ma, bari ƙafa ta bushe kafin ka mai da safa.

Sake safa kowace rana. In da hali a sami takalmi biyu, yau wannan gobe wancan, don kowanne ya sha iska. Wanda ruwa ya jiƙa a cusa masa takarda a shanya a inuwa, kada a gasa shi a wuta.

Zazzage takalmi kowace safiya kafin ka sa, don kunama.

Yanke farce a miƙe, kada ka bi lungunsa da reza.

In ƙusa ta soke ka, wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, ka zo ran nan a duba ko kana bukatar allura. Kada ka sa toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko man birki.

Mai ciwon sukari ya fi kowa bukatar wannan gargaɗi. Ciwon ya kan kashe jijiyoyin ƙafa, har takalmi ya ci mutum bai ji ba. Ɗan ƙaramin miki ya zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. In kana da shi, dubi tafin ƙafarka kowane dare, ko ka sa wani ya duba maka. Kome ƙanƙantar abin da ka gani, kawo shi.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ku kuma kai wa masinjan garinku labari. Daren yau kowa ya juya takalminsa ya dubi ƙasansa, ya zura hannu ya shafa cikinsa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.