Auna Furotin a Jini da Takarda Mai Haske

Manufar wannan takarda ita ce bayyana wata dabara ta auna furotin a jini, da duba dacewarta da ƙananan asibitocin unguwa irin na Chikaji. Kamar yadda aka sani, tsinken gwajin zazzaɓin cizon sauro da muka saba da shi furotin yake farauta, watau HRP2, wanda ƙwayar cutar ke saki cikin jini. Amma amsarsa i ce ko a'a, ba ya faɗin yawa. In yawan wani furotin likita ke nema, sau da yawa sai majinyaci ya biya kuɗin mota daga Sabon Gari, ya wuce Samaru, ya dangana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Dabarar ta samo asali daga halittu masu ba da haske da kansu, alal misali maƙesu da muke gani da dare a damina. A 2012 kamfanin Promega ya fito da NanoLuc, furotin mai haske shuɗi da aka gyaro daga wani jatan lande na ƙarƙashin teku. A 2018 Maarten Merkx na Jami'ar Fasaha ta Eindhoven a Holan, da Daniel Citterio na Jami'ar Keio a Japan, da abokan aikinsu, suka ɗora shi a takarda domin auna furotin ɗin garkuwar jiki da ke yaƙar ƙanjamau, da mura, da zazzaɓin dengi.

Ga yadda abin yake. An ɗaure NanoLuc kusa da wani furotin kore, wanda ke karɓe hasken shuɗin ya mai da shi kore. Idan abin da ake nema yana cikin ɗigon jinin, sai ya kama ɗaurin ya raba su, shuɗi ya bayyana. Gwargwadon yawansa, gwargwadon shuɗin. Bayan kamar minti 20 kyamarar waya ta isa ta karanta, muddin a duhu ne. Hikimar a nan, a ganinmu, ita ce rinjayen launi kan launi ake aunawa, don haka ɗan bambancin girman ɗigo ba ya ɓata lissafi.

Sai dai fa zafi yana lalata furotin. Kafin mu amince wa takardar, wajibi ne a ajiye ta a ɗakin magani marar firji, ta sha zafin Maris da Afrilu na Zariya, sa'an nan a gwada amsarta da ta na'urorin babban asibiti.