Daidaita Suna da Ma'auni Wajen Zayyana Ruwa da Wutar Gini a Kwamfuta: Misali Daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda injiniyoyi ke hanzarta zayyana bututun ruwa da wayoyin lantarki da magudanan gini a manhajar kwamfuta, ba tare da zanen yau ya saɓa wa na jiya ba. An ɗauki ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na Jihar Katsina a matsayin misali. An nuna cewa saurin aikin ya rataya ne a kan shawarwarin da ake yankewa sau ɗaya tun kafin a fara zane, kuma daga cikinsu akwai batun suna, wanda ya shafi masana Hausa kai tsaye.

1.0 Gabatarwa

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Yankin yana kudu maso yammacin Jihar Katsina, yana iyaka da Zamfara da kuma Birnin Gwari ta Jihar Kaduna, kuma ya daɗe yana fama da 'yan bindiga. A ranar 11 ga Disamba, 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara.

Wannan yanayi yana da tasiri a kan sana'ar gini ta fuska biyu. Ta farko, gine-ginen da jama'a suka fi buƙata masu kama da juna ne, wato ajujuwa da ƙananan asibitoci da gidajen ma'aikata. Ta biyu, injiniyan da ya yi zane a Katsina ko Funtuwa ba ya samun damar kai ziyara a kai a kai. Takardar zanen ce ke zama wakiliyarsa a gaban birkila da mai aikin famfo da mai wayarin. Idan ta zo da ruɗani, kuskuren zai shige cikin bango, a shafe shi da filasta.

2.0 Daga Zanen Layi Zuwa Samfuri Mai Bayanai

Manhajar AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk ya fitar a 1982, ta mayar da teburin zane cikin kwamfuta. Sai dai a irin wannan zane layi ne kawai ake ja. Mutum ne ya san cewa wannan layi bututu ne, wancan kuma waya. Manhajar Revit, wadda ta fito a 2000 kuma Autodesk ya saye ta a 2002, ta bi wani tafarki daban. A cikinta kowane abu yana ɗauke da bayanansa: bututu ya zo da kaurinsa da irin ruwan da ke bin sa, soket ya zo da ƙarfinsa da layin da yake kai. Idan aka matsar da bayan gida a fuska ɗaya ta zanen, sauran fuskokin da jadawalin kaya duk sukan sauya tare.

Gwamnatin Birtaniya ta wajabta wannan salo a ayyukanta daga 2016, sannan a 2018 aka fitar da ƙa'idar duniya ta ISO 19650 a kan sarrafa bayanan gini. Abin lura shi ne, wannan ƙa'ida ta ba da muhimmanci ga yadda ake laƙaba wa fayiloli suna da yadda ake adana su.

3.0 Hanyoyin Samun Sauri da Daidaito

3.1 Fayil ɗin Tushe

Ƙwararren injiniya ba ya buɗe farar takarda a kowane aiki. Yana da fayil ɗin tushe da aka riga aka tsayar da ma'auni a cikinsa, da launin kowane layi, da alamomi, da fasalin shafi. A nan ne ake rubuta, misali, cewa bututun ƙazanta mai kaurin milimita 110 zai gangara da awon 1 cikin 40, ma'ana a tafiyar mita 10 zai sauka da santimita 25 kafin ya kai sokawe. Da zarar an tsayar da wannan, asibitin da za a zana wa Sabuwa da wanda za a zana wa Faskari za su gaji awo ɗaya, ko da mutane daban ne suka zana su.

3.2 Rumbun Kayayyaki

Mataki na biyu shi ne tara samfurin kowane kaya a rumbu ɗaya: famfo, fanka, makunni, tanki, batir, farantin sola. Wannan ne wurin da aka fi tuntuɓe, domin yawancin samfuran da ake saukewa daga intanet an shirya su ne don wasu ƙasashe. Na Amurka suna aiki da wuta mai ƙarfin bolt 120 da awon inci, alhali Nijeriya tana amfani da bolt 230 da soket mai ƙafa uku na amfiya 13.

Haka lamarin ruwa yake. Ƙaramin asibiti a karkarar Ƙanƙara yakan dogara ne da rijiyar burtsatse da tankin da aka ɗora a kan ƙarfe. Kowace mita 10 ta tsayin ruwa tana ba da matsi kusan ba 1, don haka tankin da ke kan mita 6 ba zai wuce ba 0.6 ba, kuma wani abu zai ragu a cikin bututu. Famfon da aka ƙera don ruwan birni mai matsi sosai zai riƙa ɗiga ne kawai a wannan wuri. Ta ɓangaren wuta kuwa, firijin allurar rigakafi dole ya zauna tsakanin digiri 2 da 8, saboda haka ya kamata rumbun ya ƙunshi layin sola da aka keɓe masa. Rumbun da aka gina a kan abin da ake samu a kasuwar Funtuwa ko Kano ya fi amfani, ko da kayansa kaɗan ne.

3.3 Binciken Karo da Ƙidayar Kaya

Idan aka haɗa samfurin mai zanen gini da na injiniyoyi, manhaja irin su Navisworks takan nuna inda bututu ya ratsa ginshiƙi ko linta. Gyaran wannan a kwamfuta aikin mintuna ne, amma a wurin gini sai an fasa kankare. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga samfurin ne kuma ake fitar da adadin bututu da waya, abin da ke rage saɓani tsakanin zane da lissafin ɗan kwangila. Ayyukan da ake maimaitawa, kamar sa wa ɗaruruwan soket lamba, ana iya miƙa su ga Dynamo da ke cikin Revit. Masu ƙaramin ƙarfi kuwa suna da manhajojin kyauta irin su FreeCAD, waɗanda ke karanta fayil na bai-ɗaya mai suna IFC.

Sai dai fayil ɗin tushe yana yaɗa kuskure kamar yadda yake yaɗa daidai. Awo ɗaya da aka rubuta ba daidai ba zai bi kowane gini. Don haka wajibi ne injiniya mai rajista da hukumar COREN ya duba shi, a kuma auna kowane fili da zurfin ruwansa daban.

4.0 Matsalar Suna

Manhaja ba ta gane cewa sunaye biyu abu ɗaya suke nufi ba. Idan mai zane ya rubuta "fayif" a wani shafi, ya rubuta "bututu" a wani, jadawalin zai ƙidaya su a matsayin kaya biyu. Haka nan "makunni" da "suwic", ko "tanki" da "tankin ruwa". Ko bambancin k da ƙ ya isa ya raba kaya ɗaya gida biyu.

A halin yanzu da Ingilishi ake rubuta zanen gini, amma masu aiwatar da shi a wannan yanki da Hausa suke aiki. Samfuri mai bayanai yana ba da damar a ƙara wa kowane kaya gurbin suna na biyu, ta yadda za a buga shafi ɗaya da Ingilishi don ofis, a buga wani da Hausa don wurin gini, ba tare da sake zane ba. Sharaɗin shi ne a samu tsayayyen jerin kalmomi. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi irin wannan aiki a fannin harshe da adabi da koyarwa. Ginin gargajiya ma yana da nasa kalmomin, irin su tubali da azara da indararo, waɗanda kowane magini ya san abin da suke nufi. Aikin famfo da wayarin na buƙatar irin wannan tattarawa daga bakin masu sana'ar, tare da zaɓar kalma ɗaya da rubutu ɗaya ga kowane kaya.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa fayil ɗin tushe da rumbun kayayyaki da binciken karo su ne ke rage lokacin zane da yawan kuskure, kuma dukkansu sun dogara da tsayayyen suna. Ana ba da shawarar sassan Hausa na jami'o'i su haɗa hannu da sassan injiniya wajen tattara kalmomin ruwa da wuta daga masu sana'a a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a daidaita rubutunsu, sannan a shigar da su cikin rumbun da za a riƙa zana makarantu da asibitocin yankin da shi.